Na Yi Ta Nafila Da Bashin Farilla A Wuyana

Shekarar da na fi yawan azumin nafila a rayuwata, ita ce kuma shekarar da Ramadan ya riske ni da bashin farilla a wuya. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma ciwo ne ya hana ni ba. Da hankalina da lafiyata na yi ta ɗage ramuwa, wata na bin wata, a zatona ibada nake yi. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ban tsaya a kaina ba, sai da na jawo ƙanwata cikin kuskuren, da wata fatawa da ban isa in bayar ba.

Asalin bashin halas ne. Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin nan da tun kafin azahar maƙogwaro ke bushewa. Ana cikin goman tsakiya taifot ta kwantar da ni. Likita ya ce maganin ba ya jiran faɗuwar rana, na sha, kuma kwanakin da na sha sun haura mako. Babu laifi a nan. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame su sha, da sharaɗin su rama adadin a wasu kwanaki. Rangwamen na karɓe shi hannu bibbiyu, sharaɗin kuwa na yi masa riƙon sakainar kashi.

Ana gama shagalin Sallah abokan majalisarmu suka ɗauki Sitta Shawwal. Na san hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Imam Muslim ya ruwaito, mai nuna cewa wanda ya azumci Ramadan ya bi shi da kwana shida na Shawwal tamkar ya azumci shekara ne. Sai na yi lissafi irin na ɗan kasuwa: Shawwal kwana 29 ne ko 30, in ya wuce ya wuce, ramuwa kuwa tana da wata goma sha ɗaya a gabanta. Na bi ayari. Bayan nan Zulhajji ya kama, na azumci Arfa. Muharram ya zo, na yi Tasu'a da Ashura. Litinin da Alhamis kuwa suka zame mini jiki, har makwabta suka daina miƙo mini shayi a waɗannan ranakun. Kowane azumi a cikinsu yana da suna, yana da rana, yana da falalar da ake faɗa a masallaci. Ramuwa ba ta da ko ɗaya, don haka kullum ita ce a ƙarshen layi.

Da hunturu ya shigo, maiɗakina ta fara tata. Tana da wata kalanda a bayan ƙofar ɗaki, irin wadda masu shaguna ke rabawa, duk ranar da ta sha a Ramadan ta zagaye ta da biro, duk wadda ta rama ta ja mata layi. Wata rana da daddare tana jiƙa gero don kunun sahur ta ce, "Malam, ramuwar nan taka fa? Ga sanyi, ga rana gajera. Da ka ɗauka mun yi tare."

Na ce mata ai Nana A'isha ma sai a Sha'aban take rama nata.

Ta yi shiru, ta ci gaba da aikinta. Abin da na faɗa gaskiya ne, yana cikin Bukhari da Muslim: Uwar Muminai ta ba da labarin cewa azumin Ramadan kan kasance a kanta, ba ta samun damar ramawa sai a Sha'aban. Amma ban kawo hadisin don in yi aiki da shi ba, na kawo shi don in rufe bakin mai yi mini nasiha. Wannan shi ne laifina na farko, ya kuma fi sauran muni, don wanda ya san hadisi ya mai da shi garkuwa ya fi wanda bai sani ba wuyar gyaruwa. Ita ba ta da abin da za ta mayar mini, ni kuwa na kwanta ina jin na yi nasara.

Sha'aban ya kama, ina ɗokinsa. Kuma wata ne da ya cancanci a yi ɗokinsa, ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka ina rage masa daraja. Nana A'isha ta shaida cewa ba ta taɓa ganin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cika wata guda yana azumi ba in ba Ramadan ba, kuma ba ta ga watan da ya fi yawaita azumi a cikinsa kamar Sha'aban ba. Da Usama bin Zaid ya tambaye shi dalili, kamar yadda Nasa'i ya ruwaito, ya nuna masa cewa wata ne da mutane ke gafala da shi tsakanin Rajab da Ramadan, kuma a cikinsa ake ɗaga ayyuka zuwa ga Ubangiji, shi kuwa yana son a ɗaga nasa yana cikin azumi. Ibn Rajab, malamin Hanbaliyya da ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya kwatanta azumin Sha'aban da nafilfilin da ake gabatarwa kafin sallar farilla, masu shirya zuciya da gaɓɓai. A cikin wannan watan ne ma aka wajabta azumin Ramadan, a shekara ta 2 bayan Hijira. Na taso na ga kakata tana haɗa Rajab da Sha'aban, abin da ake kira azumin tsofaffi, ba ta taɓa sanar da kowa ba, sai dai a ga ba ta taɓa kwanon rana ba.

Duk wannan na sani, na kuma yi ta faɗa wa mutane. Rabin farko na watan na azumci mafi yawansa, kowane dare da niyyar nafila. Shirina shi ne in bar ramuwa sai goman ƙarshe, in gama ta daidai da shigowar Ramadan.

Ana tsakiyar wata sai ga wani saƙo yana yawo a waya, ɗauke da hadisin da ke hana azumi idan Sha'aban ya raba tsakiya. An rubuto shi da Larabci da fassara, an sa sunan Abu Dawud da Tirmizi a ƙasa, babu bayani ko na layi ɗaya. Na haɗa shi da wani da na riga na sani daga Abu Huraira, wanda ya hana a tari Ramadan da azumin kwana ɗaya ko biyu, da kuma maganar Ammar bin Yasir a kan ranar shakka. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa ƙofa ta rufe, daga sha shida ga wata babu sauran azumi kowane iri ne. Ban tambayi kowa ba. In zan faɗi gaskiya, wani sashe na zuciyata ya ji daɗin hukuncin, don ya ɗauke mini nauyin da nake gudu ya kuma sa masa rigar bin Sunna.

Ƙanwata tana zaune a wurinmu a lokacin, tana karatu. Wata asuba na fito alwala na tarar da ita a madafa, ta ɗora ɗumamen tuwo a kan risho, tana zuba ruwa a kofi. Na tambaye ta me take yi da tsakar dare haka.

Ta ce, "Sahur zan yi, Yaya. Ramuwa ce, saura kaɗan in gama."

Na ce mata an hana azumi bayan rabin Sha'aban, hadisi ne, ta bari sai bayan Sallah. Ta ɗan tsaya da murfin tukunya a hannu, ta ce, "Ko da ramuwa ce?" Na ce ko da ramuwa ce. Ta kashe risho, ta rufe tukunyar, ta koma ɗaki. Ba ta yi gardama ba, domin a gidanmu ni ne wanda ake tambaya. Yarinya ta tashi cikin sanyi za ta sauke farillar Ubangijinta, ni na mayar da ita kan katifa.

Ranar 29 ga Sha'aban da daddare muka kasa kunne ga rediyo har fadar Sarkin Musulmi ta ba da sanarwar ganin wata. Aka shiga azumi.

A unguwarmu akwai wani dattijon malami da ke karantar da fiƙihu a zaurensa bayan sallar asuba. Duk Ramadan yakan koma babin azumi na Risala, littafin Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wanda kusan duk almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya bi ta kansa. Yana zaune a kan buzu, gilashinsa ɗaure da zare a kunne ɗaya, yana jan baƙi yana fassarawa, har ya iso inda aka yi maganar wanda ya yi sakaci da ramuwa har wani Ramadan ya shigo masa. Ya ce irin wannan mutum ramuwa na nan a kansa, sannan ga ciyarwa, mudu ɗaya ga miskini ɗaya a madadin kowace rana. Na ji gabana ya faɗi. Na san na taɓa karanta wurin nan, shekaru da suka wuce, na wuce shi kamar da wasu ake.

Da aka tashi na jira kowa ya fita, na matsa kusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya." Na kwashe labari na faɗa masa, ban rage komai ba, har da na ƙanwata.

Bai yi mini faɗa ba. Ya cire gilashin ya ce, "Malam, hadisin da ka gani gaskiya yana nan a littattafai. Amma ka tambayi yadda malamai suka karanta shi?" Sai ya warware mini. Hadisin hana azumi bayan rabin Sha'aban malaman hadisi kansu sun saɓa a kansa: Tirmizi ya inganta shi, Imam Ahmad da Abdurrahman bin Mahdi sun yi inkarinsa. Shafi'awa, waɗanda suka yi aiki da shi, sun togace mai ramuwa, da wanda ya saba da azuminsa kamar na Litinin da Alhamis, da wanda ya haɗo azuminsa tun daga rabin farko. Hadisin Abu Huraira ma a cikinsa aka togace wanda ya saba. A mazhabar Imam Malik kuwa, ko ranar shakka ce, abin da aka hana shi ne a azumce ta da nufin ko-ta-kwana, wai ko Ramadan ne. Mai ramuwa ya azumce ta, babu komai. Ya ce babu mazhabar da ta hana mutum biyan bashin Ramadan a ƙarshen Sha'aban, hasali ma a lokacin ne biyan ke zama dole a gaggauta, tun da wa'adi ya ƙure.

Na kawo masa maganar Nana A'isha, ba don gardama ba, don in ji inda na karkace. Ya ce, "Ita ta kai Sha'aban, amma ta bari ya wuce? Daga hadisin nan nata ne ma malamai suka fahimci cewa Sha'aban shi ne iyaka. Sannan ita hidimar Manzon Allah ce ta riƙe ta. Kai me ya riƙe ka?"

Ban da amsa.

Na yi tambayar da nake jin kowa a matsayina zai yi: duk azumin nan da na yi ta yi cikin shekara, wanda ya ninka bashin sau da yawa, ba za a cire mini daga ciki ba? Ya girgiza kai. Azumin ramuwa sai da niyyarsa, a ƙulla ta tun da dare. Ranar da aka ɗauka da sunan nafila ta tafi a nafila, ba a bin ta daga baya a sauya mata suna. Ya ce yana fatan Allah ya ba ni ladan abin da na yi, amma bashi na nan daram. Ya ƙara da cewa a Mukhtasar na Shaihu Khalil an lissafa yin nafila kafin ramuwa cikin makaruhai, kuma a Muwaɗɗa an kawo cewa da aka tambayi Sa'id bin al-Musayyib game da mai bakancen azumi da ke son yin nafila, cewa ya yi ya fara da bakancen. Hanafawa sun sauƙaƙa, sun yarda a yi nafila tun da lokacin ramuwa yalwatacce ne, kuma ba su ɗora ciyarwa a kan wanda ya jinkirta ba, don ayar ramuwa kaɗai ta ambata. Malikawa da Shafi'awa da Hanbalawa kuwa sun ɗora ta, bisa fatawar Ibn Abbas da Abu Huraira. Ko Sitta Shawwal ɗin da na fara da ita, ya ce akwai malaman da ke ganin falalarta ta wanda ya cika Ramadan ce, mai sauran kwanaki a kansa kuwa bai cika ba tukuna.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa mutumin da ke iya azumtar Litinin da Alhamis ba fashi ya kasa rama kwanaki kaɗan. Yunwar ɗaya ce, ƙishirwar ɗaya ce. Amsar da na samu ba mai daɗi ba ce. Idan aka miƙo mini goro a majalisa na ce ina azumi, aka ce na Alhamis ne, na ce eh, sai in ji an ce masha Allah, a dube ni da wani irin ido. In da ramuwa na ce, tambaya ce za ta biyo, me ya same ka ka sha? Ga shi kuma a wurinmu an mai da ramuwa kamar abin mata, namiji na jin nauyin a ji yana yi. Ba zan ce duk nafilata riya ce ba, Allah ne masanin zukata, amma na san tana da wani zaƙi da ramuwa ba ta da shi, kuma zaƙin nan ba duka na Lahira ba ne. Alhali hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito ya jera abin a fili: babu abin da bawa ke kusantar Allah da shi da ya fi soyuwa gare Shi kamar abin da Ya wajabta masa, sannan nafila ta biyo baya ta ƙara kusanci. Ni na juya jerin. Na zama kamar mai raba kyautar Sallah a unguwa alhali mai bin sa kuɗi na tsaye a ƙofar gida.

Zuwa wurin ƙanwata ya fi zuwa wurin Malam wuya. Na same ta bayan buɗa-baki na ce mata abin da na faɗa mata ran nan kuskure ne, ita ce a kan daidai, kuma ni na jawo mata shiga Ramadan da bashi. Na roƙe ta ta yafe mini. Ta ce, "Ba komai, Yaya, Allah ya yafe mana." Sai ta ƙara da wata magana a hankali, cewa dama a Islamiyya an koya musu mai ramuwa na iya yi har ranar ƙarshe, amma da ta ji na ce hadisi ne sai ta ɗauka malamarsu ce ba ta kai nan ba. Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi. Tana da ilimi sahihi a hannunta, girmana da take gani ya sa ta ajiye shi. Maiɗakina ma na ba ta haƙuri a kan amsar da na ba ta cikin hunturu.

Bayan Sallah, ranar biyu ga Shawwal, muka ɗauki ramuwa ni da ƙanwata. Da muka gama na koma wurin Malam ya ara mini mudun Annabi, wani ɗan ƙaramin awo da bai kai rabin kwanon awon kasuwa ba, kimanin cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Game da ƙanwata ya ce tun da ruɗar ta aka yi lamarinta da sauƙi, amma fitarwa ta fi tsira, na ce ni zan ɗauke mata, ta kuma yarda. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina aunawa tana ƙullawa a leda, kowace rana ƙulli ɗaya, kowane ƙulli na mutum ɗaya, domin Malam ya ja kunnena kada in tattara duka in ba mutum guda. Shinkafar gaba ɗaya ba ta cika ƙaramin buhu ba. Na tsaya ina kallonta, ina mamakin yadda abin da ya rage a kaina bai taka kara ya karya ba ta fuskar dukiya, amma sai da ya kai ni ga saɓa wa'adin da Shari'a ta gindaya.

Tun daga lokacin nake lura da yadda muke tarbar Sha'aban. Kowace shekara muhawarar da ke cika masallatai da gidajen rediyo ita ce ta daren Nisfu Sha'aban. Wasu na raya shi da nafila da karatun Yasin, wasu na cewa keɓe shi bidi'a ne, kowane ɓangare da malamansa da yadda yake auna hadisan da suka zo a kai. Ba nan zan raba wannan gardama ba. Abin da ke damuna shi ne ana kwashe makonni a kan dare ɗaya da aka saɓa a kansa, ramuwa kuwa, wadda babu Musulmi biyu da suka saɓa a kan wajabcinta, da ƙyar ake ba ta minti biyar a ƙarshen huɗuba. Kuma mafi yawan masu ɗauke da ita mata ne, waɗanda da yawansu ba sa zuwa masallacin Juma'a balle su ji. Akwai wadda ta fita daga goyon ciki ta shiga shayarwa, kwanaki suka taru mata har ta rasa lissafi, tana cikin fargaba, ba wanda ya gaya mata cewa wadda uzurinta ya zarce har Ramadan ya shigo babu ciyarwar jinkiri a kanta, sai ta rama idan ta sami iko. Akwai wadda mijinta ya san hadisin da ke cewa kada mace ta yi azumi mijinta na gida sai da izininsa, bai san a kan nafila ake magana ba, kuma idan wa'adin ramuwa ya ƙure ba shi da ikon hana ta. Akwai direbobin dogon zango da ke sha a kan hanya kowace shekara, ba mai tuna musu bayan Sallah.

Shi ya sa nake roƙon limamanmu da malaman Islamiyya da masu wa'azi a rediyo su matso da wannan tunatarwa gaba. A ƙarshen Sha'aban ta makara ga wanda kwanakinsa ke da yawa. A fara ta tun Rajab ya kama, a maimaita ta ranar Juma'ar farko ta Sha'aban, a faɗe ta kafin a faɗi falalar azumin watan, a kuma ce wa maza su kai saƙon cikin gida. Duk kuma wanda zai karanta wa jama'a hadisin rabin Sha'aban, ko ya tura shi a waya, ya haɗa da togaciyar da malamai suka yi wa mai ramuwa. A gidanmu rashin wannan layi ɗaya ne ya sa aka kashe risho.